Waye ke sasanta rigingimun duniya yanzu?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyaye da ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma.

An nemi in waiwayi manyan labaran duniya na shekarar 2025. Ba jero su zan yi ba, duk kun ji su a rediyo. Ina so ne mu duba wani abu da ya ratsa cikinsu gaba ɗaya: idan faɗa ya ɓarke a yau, gidan wa ake zuwa neman sulhu? Da can, ɗan firamare ma zai ce maka Majalisar Ɗinkin Duniya. To ku biyo ni.

Gaza tukuna. Yaƙin ya fara ranar 7 ga Oktoban 2023. Sau da dama an kai batun tsagaita wuta gaban Kwamitin Sulhu, Amurka ta hau kujerar na-ƙi. Tsagaitawar da aka samu ranar 10 ga Oktoban 2025, a Sharm el-Sheikh na Masar aka ƙulla ta, da hannun Katar da Masar da Turkiyya, bisa tsarin Trump mai sharuɗɗa 20. Wanda ya yi ta kai-komo a madadin Amurka, Steve Witkoff, ɗan kasuwar filaye da gine-gine ne, bai taɓa aikin jakadanci ba kafin nan. Sai a watan Nuwamba Kwamitin Sulhu ya zo ya sa albarka a kan abin da aka riga aka gama. Kafin a kai nan, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya gawa fiye da dubu 67. Allah ya jiƙansu.

Yukiren ma haka. A watan Afrilu ta sa hannu kan yarjejeniyar ma'adinai da Amurka. Ranar 15 ga Agusta Trump da Putin suka gana a Alaska, ana maganar Yukiren, shugabanta Zelensky kuwa ba ya ɗakin. Har yanzu ana ɓarin wuta.

Ku zo gabashin Kwango. 'Yan tawayen M23, waɗanda ake zargin Ruwanda na mara wa baya, suka kama Goma a Janairu, suka kama Bukavu a Fabrairu. Shekara da shekaru dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suna zaune a yankin. Amma ranar 27 ga Yuni a Washington ministocin harkokin wajen Kwango da Ruwanda suka sa hannu, kuma ba a ɓoye ba, an faɗa ƙarara cewa akwai maganar ma'adinai a ciki. A Disamba shugabannin biyu, Tshisekedi da Kagame, suka je suka ƙara sa hannu. Ba a yi mako biyu ba M23 ta shiga Uvira. Ni a ganina mai shiga tsakani na wannan zamani dillali ne na kasuwar shanu: yana haɗa ku ne, amma idonsa na kan la'ada, kuma da ya karɓa ba ruwansa da ko saniyar ta kai gida.

Wannan ne ya kawo ni Sudan, inda nake so mu ɗan tsaya. Ɗalibai, wa zai tuna mana ranar da aka fara yaƙin? 15 ga Afrilun 2023. Faɗa ne tsakanin Janar Burhan na sojan ƙasa da Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemedti, na dakarun kai ɗaukin gaggawa, wato RSF. Su biyun nan tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a Oktoban 2021, sannan suka saɓa kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja. Yau mutum fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu, babu inda ya kai haka a duniya. An tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam tun Agustan 2024. Soja sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, sun ƙwato fadar shugaban ƙasa a Khartoum a Maris, amma a ƙarshen Oktoba El Fasher ta faɗa hannun RSF bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, kuma abin da aka yi wa farar hula a can baki ba ya iya faɗa.

Me ya sa wannan yaƙi ya ƙi samun mai raba shi? A Nuwamban 2024 Birtaniya da Saliyo suka kai ƙuduri Kwamitin Sulhu, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kotun duniya, tana zarginta da bai wa RSF makamai, ita kuwa ta musanta. A watan Mayun 2025 kotun ta ce ba ta da hurumi. Sai ga ita Daular a cikin ƙasashe huɗun da ke neman sulhu, tare da Amurka da Saudiyya da Masar, alhali akasarin zinaren da Sudan ke fitarwa can yake zuwa. Zinaren yana fita ko ana yaƙi ko ba a yi, shi ya sa ba wanda ke gaggawa.

Kuma kada wani ya ce abin nesa ne. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, da mutanen da suka yi hijira daga nan. Tsohuwar hanyar alhazanmu ta ƙasa ta El Fasher ta bi. Akwai danginmu a Gadarif da Kassala da Damazin.

A nan gida kuwa, lokaci ba zai bari in faɗaɗa ba. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu. Soja sun karɓe mulki a Madagaska a Oktoba, a Guinea-Bissau a Nuwamba. Tarayyar Afirka ta dakatar da su kamar yadda ta saba, sojan kuma suna nan daram a kan kujera.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, magariba ta gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara daga ɓangaren mata.