Ɓoyon da ke kai mutum ga kwalba: lacca ga ɗaliban aikin jinya

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan faɗa, in na zarce lokaci wani ya yi mini gyaran murya.

Tun da aka rubuta "maza masu neman maza da shan giya" a allo nake ganin wasu na ƙunshe dariya. Ku riƙe dariyar nan, za mu dawo kanta.

Na farko. Wani masani a Amurka, Ilan Meyer, ya yi nazari kan irin waɗannan maza a New York a 1995, ya faɗaɗa bayaninsa a 2003. Ya ce akwai damuwar kowa da kowa, kuɗin haya, cefane, rashin aiki. Wanda jama'a ke ƙyama kuma yana da ƙarin kaya a kai: zagi ko duka ko korar da aka yi masa, zaman ɗar-ɗar na jiran a yi masa, ƙyamar kansa da kansa, sai ɓoyewa.

Ɓoyewar nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ku ɗauki magidanci, da mata da 'ya'ya, domin da yawansu suna neman mata suna neman maza. Yana zaune a teburin mai shayi, aka kawo hirar 'yan luwaɗi, ana tsine musu. Shi ne zai fi kowa ƙyalƙyalewa da dariya, don kada a kalle shi. Kun ga dariyar da na ce ku riƙe? Ya koma gida, kafin ya yi sallama ya goge saƙonnin waya. Yana auna tafiyarsa, yana auna muryarsa. Yau haka, gobe haka, shekara ashirin. Jiki bai san wasa ba, sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin tashin hankali, na ta zuba kamar ana bin mutum da gudu, barci ya ƙaurace. Sai wani ya miƙa masa kwalba. Daren farko ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Giya kuwa mayaudariya ce, tana kawo barcin farkon dare, ƙarfe uku ta tashe ka da faɗuwar gaba. Kwalba ɗaya ta zama uku. Ga kunyar giya a garinmu ta hau kan waccan, ɓoyo ya zama biyu. Shekara ashirin fa, jama'a!

Na uku... a'a, na biyu ko? To. Mark Hatzenbuehler da abokan aikinsa sun duba jihohin Amurka da suka haramta auren jinsi a 2004 da 2005. Matsalar shan giya a tsakanin masu neman jinsinsu a jihohin ta ƙaru da kusan kashi 42 cikin ɗari. A nan gida, bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi mai ɗaurin shekara 14 a Janairun 2014, binciken da aka yi a Abuja ya nuna masu tsoron zuwa asibiti cikin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Mai shan maganin ƙanjamau kuma, in ya bugu ya manta ƙwaya...

(Wata ɗaliba: Malam, ai duka biyun haramun ne. Ba mu ɗaure musu gindi ba ke nan?)

'Yata, tambayarki na kan hanya. Fatawa ta malamai ce, ni ban isa ba. Amma in ɓarawo ya zo da karaya, kina ɗora shi ko sai ya tuba? To, ki rufe labule, ki rage murya, ki yi wa majinyacin tambayoyi goma na AUDIT da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don auna matsalar shan giya, kamar kina tambayar hawan jini. Kada sirrinsa ya fita ɗakin. Kuma don Allah, wanda ya daɗe yana sha kullum kada ki ce ya yanke dare ɗaya a gida. Cikin kwana biyu zuwa uku karkarwa da jijjiga da gane-gane na iya kashe shi, sai a kwantar da shi likita na dubawa.

Na ukun ya bi ruwa, ga kiran la'asar. Wa ya ɗauke mini alli?