Askarawan Jihohi: An Ba Su Kaki, An Hana Su Doka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da na gaji da jinta, kuma a makon nan na sake jinta daga bakin wani mai riƙe da muƙami. An tambaye shi matsayin dakarun tsaron da gwamnoninmu ke kafawa, sai ya ce ai waɗannan ba 'yan sanda ba ne, ba sojoji ba ne, masu taimaka wa jami'an tsaro ne kawai. Ya faɗa ya wuce abinsa, kamar ya amsa tambayar. To, mutumin da aka ɗauka aiki, aka kai shi sansani aka horar, aka ɗinka masa kaki, aka ba shi babur da bindiga, aka ce ya shiga dajin Rugu ya tari wanda ke rataye da AK-47, shi mene ne sunansa a dokar ƙasar nan? Wace doka ce ta san da shi?

Ba mutum goma ko ashirin ake magana ba. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina, matasa 1,466 a zubin farko. Ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya yaye Askarawan Zamfara a Gusau, su sama da 2,600. Sakkwato ta bi sahu da tata rundunar a shekarar. Borno kuwa tun 2013 take da 'yan kato da gora, waɗanda suka tashi da sanda da adda suka zaƙulo 'yan Boko Haram daga unguwannin Maiduguri, daga baya gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wasunsu tana ba su alawus. Dubban 'ya'yan talakawa ke nan, kuma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya a bakin aikin nan.

Yanzu a buɗe kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 214 ya ce za a kafa rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba a tarayya ko a wani sashe nata. Maganar a fili take, ba ta da lauje cikin naɗi. A jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka akwai makamai da harsasai, akwai tsaron ƙasa, akwai soja, akwai 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro na gwamnati. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta sa lasisin bindiga irin AK-47 a hannun shugaban ƙasa, na ƙananan bindigogi a hannun Sufeto Janar. Gwamna ba shi da ikon ba kowa izinin riƙe ko guda. Shi kansa kwamishinan 'yan sandan da ke zaune a jiharsa, sashe na 215 ya ce in gwamna ya ba shi umarni yana iya cewa a dakata sai an ji ta bakin shugaban ƙasa ko minista. Wannan shi ne mutumin da muke kira babban jami'in tsaro na jiha.

Za a ce ai majalisun jihohi sun yi dokokin kafa rundunonin nan. Haka ne, sun yi. Amma sashe na 1 na kundin ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. Dokar jiha a nan rumfar kara ce, tana tsaye muddin iska ba ta taso daga Abuja ba. Kuma mun ga ranakun da ta taso.

Ranar 9 ga Janairun 2020 gwamnonin jihohin Yarbawa shida suka ƙaddamar da rundunar tsaronsu ta Amotekun a Ibadan. Ba a yi mako guda ba, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce rundunar haramtacciya ce. Aka yi ta cacar baki, aka zauna da mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo, aka ce kowace jiha ta je ta yi dokarta. Kundin bai canja da harafi ɗaya ba. Abin da aka haramta a Janairu ya wayi gari yana sintiri a kan titi, saboda 'yan siyasa sun sasanta. A Ebonyi kuwa babbar kotun tarayya da ke Abakaliki ta rusa rundunar tsaron jihar mai suna Ebubeagu a Fabrairun 2023. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta haramta Hisbar Kano, aka kama shugabanninta, duk da cewa majalisar jiha ta yi mata doka tun 2003. Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar a yadda aka shigar da ita, ba ta taɓa zuciyar maganar ba. Marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta kuka a 2022 cewa an hana Amotekun manyan bindigogi. Samuel Ortom na Binuwai ya nema wa tasa rundunar lasisin AK-47 a shekarar, bai samu ba. A Zamfara, a watan Yunin 2022 dai, Bello Matawalle ya ce wa jama'a kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, hafsan hafsoshin tsaro na lokacin ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Yau halal, gobe haram, jibi a kau da kai. Da irin wannan ake tura ɗan mutum daji?

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne yadda ake magana kamar 'yan sandan gida baƙon abu ne da ba mu taɓa gani ba. Turawa sun tarar da dogarai a fadar kowane sarki, kuma da suka tsara mulkinsu ta hannun sarakuna ba su kore su ba. A shekarun 1920 aka fara sake musu fasali, aka samu 'yan gadi a Kano, aka samu 'yan doka na En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, da kakinsu da albashinsu da shugabansu da ake kira Wakilin Doka. Marigayi Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda aka haɗe ta Kudu da ta Arewa aka kafa a 1930, tana gefe guda, 'yan doka na gefe guda, kowa da huruminsa a rubuce. Ɗan doka ya san kowane lungu na garinsu, ya san ɓarawon kowace kasuwa da sunan ubansa. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin Ironsi ta kafa kwamitin Yusuf Gobir, ya ba da shawarar a haɗe su da 'yan sandan tarayya, gwamnatin Gowon ta aiwatar, zuwa farkon shekarun 1970 ɗan doka ya zama tarihi. Soja ne suka yanke wannan hukunci, kundin 1979 ya gada, na 1999 ya kwafa.

Na san abin da masu adawa za su ce, domin kullum shi suke faɗa: 'yan doka sun ci zarafin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, sun ɗaure su, sun yi musu bulala, in aka ba gwamnonin yau irin wannan iko sai abin da ya ƙaru. Tarihin gaskiya ne, magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha wuya a hannun En'e, ba mai musu. Amma wannan hujja ta makara. Gwamnonin da ake tsoron a ba su dakaru, ai ga su nan da dakarun. Su suke ɗauka, su suke biya, su suke naɗa kwamanda, su suke sallama. Abin da babu shi ne linzami. Mai cewa kada a yi doka don kada gwamna ya yi ɓarna, ya bar gwamna da doki ba linzami ne, yana murna wai ya hana shi hawa.

Ni ma ina da nawa tsoron, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda hukumomin zaɓe na jihohi ke aiki, inda jam'iyyar gwamna ke lashe kowace kujerar shugaban ƙaramar hukuma da ta kansila. Na ga jihohin da malaman makaranta ke yin watanni ba albashi, kuma mai bindigar da ba a biya ba ya fi malamin da ba a biya ba haɗari nesa ba kusa ba. Amma duk waɗannan tsorace-tsoracen doka suke nema. Wa zai tantance wanda za a ɗauka? Daga ina albashi zai fito, ta yadda gwamna ba zai iya toshe shi don fushi ba? Wa zai hana a fito da su ranar zaɓe? Ba a amsa waɗannan da kau da kai.

Amurka, wadda muka kwaikwayi tsarin shugaban ƙasa daga gare ta a 1979, ta taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Kundinta ya hana jiha riƙe dakaru a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisar tarayya. A 1940, da aka kwashe dakarun ko-ta-kwana na jihohi zuwa aikin tarayya saboda yaƙin duniya na biyu, majalisar ta zauna ta ba jihohi izinin kafa nasu, a tsakiyar shekarun 1950 ta mai da izinin na dindindin. Yau jihohi irin su Texas suna da rundunar da ke ƙarƙashin gwamna kaɗai, kuma an rubuta cewa ba za a ja ta cikin sojan tarayya ba. Ba ina cewa mu kwafo nasu ba ne, matsalarsu daban tamu daban. Abin lura shi ne, da buƙata ta taso, majalisa ta zauna ta rubuta.

Mu kuwa wa ke biyan kuɗin rashin rubutawar? Na farko shi yaron da ke cikin kakin. Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya shiga irin wannan runduna. Ran da ya zo sallama mahaifiyarsa ta kira ni gefe ta ce, Malam, in wani abu ya same shi wa zan je wurinsa? Wallahi ban sami abin da zan gaya mata ba. Soja yana da dokar da ta tsara haƙƙin magadansa, ɗan sanda haka. Shi wannan, abin da iyalinsa za su samu ya rataya a kan dokar jiha da kuma halin gwamnan da ke kan kujera, kuma gwamna wa'adi gare shi. In ya yi harbi a fagen daga wani ya mutu, lauyan da ya san aikinsa zai fara da tambayar wa ya ba shi izinin riƙe wannan bindiga. In ya kama mutum, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon kama mai laifi ya miƙa wa 'yan sanda, kuma a idon kundin ƙasa da wuya a nuna inda ikon askari ya ɗara wannan. An tura shi aikin soja da ikon mai gadin kasuwa.

Na biyu shi ne wanda askarin zai zalunta, domin za a samu, mutane ne ba mala'iku ba. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sa buƙatar a tuna musu abin da 'yan sa-kai suka yi, yadda aka riƙa tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba tuhuma ba alƙali, 'yan'uwansa su dawo da dare su ƙone gari. Da wannan ramuwar gayya wutar ta ruru har ta kai inda take. An ce an kafa sababbin rundunonin ne don a maye gurbin wancan aikin na kara-zube, kuma niyya ce mai kyau. To, makiyayin da aka kwashe wa shanu bisa zargi, ko matar da aka tafi da mijinta bai dawo ba, ina za su kai kuka? 'Yan sanda suna da hukumar da ke ladabtar da su, soja suna da kotunsu. Askari fa? Wace doka?

Kada kuma a ce mana a rusa su a bar wa 'yan sanda aikin. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai 400,000 ba, wani kaso mai yawa na riƙe wa manya jaka. Akwai ƙauyukan da sai ka yi tafiyar sa'o'i a kan babur kafin ka ga caji ofis. Wanda ke kwana a unguwar Maitama ta Abuja ne kaɗai zai iya cewa mutumin Batsari ko na Zurmi ya jira.

Hanyar gyara sananniya ce, sashe na 9 ya shimfiɗa ta: kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa, kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai, sai majalisun jihohi 24 cikin 36. Ranar 15 ga Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya zauna da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Zuwa Disambar shekarar an sanar cewa jihohi sun miƙa matsayarsu ga majalisar tattalin arzikin ƙasa, mafi yawansu na goyon baya. Kowa ya yarda a baki, askari kuwa yana daji. An taɓa kundin nan don a rage shekarun tsayawa takara a 2018, an taɓa shi a 2023 aka ba jihohi iko kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari. Ashe in ana so ana iyawa.

Saboda haka tambayata ga sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Katsina da Zamfara da Sakkwato da Borno take, ku da 'ya'yan mazaɓunku ne ke cikin kakin nan. Ku fito da rubutu: wace irin bindiga askari zai riƙe, wa zai ba shi lasisi, ina iyakar ikonsa na kamu, awa nawa zai riƙe mutum kafin ya miƙa shi, wace hukuma ce za ta saurari ƙara a kansa wadda ba gwamna ne ya cika ta da yaransa ba, kuma nawa za a ba matarsa da 'ya'yansa in aka kawo gawarsa. Mahaifiyar yaron nan har yanzu tana tambayata duk ran da muka haɗu a ƙofar gida.

Wassalamu alaikum.