Sharhi: Wa ke yanka farashin hannun jari?

Jama'a masu saurarenmu a Maradi da kewaye, barkanmu da war haka. Da yawa in sun ji an ce hannun jarin wani kamfani ya tashi ko ya faɗi, sai su ɗauka akwai wani babba a ofis da ke yanka farashin, ko kuwa kamfanin ne da kansa. A'a. Ciniki ne ke yanka shi.

Duk wanda ya taɓa kai jar akuya kasuwa ya san hanyar: mai saye ya taya, mai akuya ya ce albarka, dillali na tsakani, har a kai ga sallamawa. Haka abin yake a BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe 8 na UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, har da Nijar), wadda ke aiki a Abijan tun 1998. Sai dai a can kwamfuta ce ke haɗa cinikin, kuma mutum ba ya shiga da kansa, sai ta hannun kamfanonin dillanci masu izini da ake kira SGI.

Mu ɗauka wani ya taya hannun jarin bankin BOA Nijar sefa 2,500, mai sayarwa ya kafe a 2,600. Babu ciniki, babu sabon farashi. Kwamfutar na jera masu taye, wanda ya fi tsoka a gaba, ta jera masu sayarwa, wanda ya fi sauƙi a gaba. Da zarar wani mai gaggawa ya amince da 2,600, shi ke nan, wannan ne farashin da za ku gani a allo.

To a nan ake ruɗuwa. Farashin allo labarin cinikin ƙarshe ne kawai, wataƙila ma na hannun jari goma. Alhajin da ke riƙe da dubu biyar, in ya zube su lokaci guda, masu taye mai tsoka za su ƙare, sai ya gangaro wurin masu tayin wulaƙanci.

Me ke sa mutane sauya taye? Ribar da kamfani ya bayyana, rabon da zai yi wa masu jari, kuɗin ruwan banki, tsoro, kwaɗayi, har da jita-jita, wadda sau da yawa kan riga gaskiya isa kasuwa. Shi ya sa BRVM ta yi wa farashi linzami: a yini guda ba ya tashi ko faɗuwa fiye da kashi 7.5 cikin ɗari. Linzamin na rage gudu ne kawai, domin in masu saye sun ja da baya, gobe ma faɗuwar za ta ci gaba.