Tauraro Ja a Jikin Jirgin Amurka: Abin da Fenti Ya Nuna Game da Ƙawance da Rasha

Bari mu fara da goshin wani jirgin sama. B-17 ne, ɗaya daga cikin manyan jiragen jefa bama-bamai na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Fenti iri biyu ne a jikinsa. Akwai na hukuma, wato tambarin ƙasa da lambar jirgi, waɗanda doka ta ƙayyade girmansu da inda za a sa su. Akwai kuma na mutanen da ke tashi a cikinsa: hoton mace, sunan garinsu, ko Hitler ana yi masa ba'a. Duk wanda ya san zanen da direbobi ke sawa a jikin manyan motoci ya riga ya gane manufar.

Mai zanen yawanci ƙaramin soja ne a sansanin. Kofur Tony Starcer, a sansanin Bassingbourn da ke Ingila, ya zana jirage fiye da 100, har da shahararren Memphis Belle. Sai an fara goge wurin da fetur, domin fenti ba ya kama maiƙo. Daga nan a fitar da siffar da alli. Idan daga mujalla aka kwafo hoton, sai a raba shi gida-gida da layuka, a ja irin layukan a jikin jirgi da girma, a riƙa cika gida ɗaya bayan ɗaya. Fenti kuwa duk wanda ya zo hannu, har da na shafe gida.

Wahalar tana da yawa. Kawunan ƙusoshin da suka haɗa fallayen jirgi suna karkatar da layi, don haka gwani yakan kauce musu wajen zana ido da baki. A tsayin ƙafa 25,000 sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ƙarfe ya tsuke, fenti mai kauri ya tsattsage. A 1944 aka fara kawo jirage da alminiyam tsirara ba tare da koren fenti ba, kuma wanda ya yi zane a kai bai sa shafin farko ba, zanensa ɓarewa yake yi. A ƙarƙashin taga ana jera ƙananan hotunan bom da kwali da aka yanke siffar a jiki, kowane ɗaya fita ɗaya ce zuwa kai hari. Da farko fita 25 ake bukata kafin a sallami mutum gida, daga baya aka ƙara zuwa 30, sannan 35.

To ina Rasha a cikin wannan? Kafin 22 ga Yuni 1941, ranar da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, Amurkawa da yawa kallon abokin Hitler suke yi wa Stalin, saboda yarjejeniyar da suka ƙulla a 1939. Cikin shekara guda gwamnati ta juya akalar magana. A 1942 ta buga fosta mai hoton sojan Rasha yana murmushi, tana shaida wa jama'a cewa wannan abokinsu ne. Mujallar Time ta zaɓi Stalin gwarzon shekarar 1942, jaridu kuma suna kiransa Kawu Joe. Amma a goshin jirage, inda ba wanda ya tilasta wa kowa, da wuya ka ga wannan soyayya. Hankalin matasan yana kan gida, da mata, da sa'ar dawowa da rai.

Inda ƙawancen ya fito sosai shi ne fentin hukuma. A watan Mayu 1942 Amurka ta goge jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta, don kada masu harbi su ɗauka jan da'irar Japan ce. A wannan shekarar kuma aka fara tura jiragen Amurka masu jan tauraron Sobiyet ta Alaska. Daga Great Falls a jihar Montana, su bi ta Kanada zuwa Fairbanks, inda matuƙan Rasha ke karɓarsu su wuce Saberiya har Krasnoyarsk. Jirage kusan 8,000 suka bi wannan hanya zuwa 1945. Wasu kuma ta Afirka suka bi, suna yada zango a Akara da Kano da Khartoum kafin su isa Iran a miƙa su. A tsoffin hotuna za ku ga jan tauraro zaune a kan da'irar da ta rage daga tambarin Amurka.

Mafi yawa a jiragen faɗa da Amurka ta ba Sobiyet P-39 Airacobra ne, fiye da 4,000. Ingila ta gwada shi ta ce ba ta so, don ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi sama sosai. A fagen gabas kuwa ƙasa-ƙasa ake gwabzawa, sai ya zama abin so. Injinsa a bayan matuƙi yake, igwa mai milimita 37 tana harbi ta tsakiyar farfela. Aibinsa, idan harsasan gaba suka ƙare nauyi ya koma baya, yakan shiga juyin da fita daga ciki ke da wuya. Rashawa sukan cire bindigogin fukafukai don ya yi sauƙi. Da shi shahararren matuƙin Sobiyet Aleksandr Pokryshkin ya kakkaɓo yawancin jiragen da ya harbo.

Su Rashawa rubutu suka fi yi a kan zane: "Domin ƙasar haihuwa", "Domin Stalin", ko sunan wanda ya sayi jirgin. A ƙarshen 1942 wani manomi a yankin Saratov, Ferapont Golovaty, ya ba da rubul 100,000 aka sayi jirgin Yak-1, aka rubuta sunansa a jiki.

Fentin Amurkawa da na Rashawa sun haɗu a fili ɗaya ranar 2 ga Yuni 1944, lokacin da jiragen B-17 suka tashi daga Italiya, suka yi ruwan bama-bamai a Hangari, suka sauka a Poltava ta Yukren. An tarbe su da furanni, makanikan ɓangarorin biyu suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Daren 21 ga Yuni jiragen Jamus suka iske su jere a fili, alminiyam ɗinsu yana ƙyalli, suka ƙone fiye da 40. Tsaron filin yana hannun Sobiyet, kuma ba a harbo jirgin Jamus ko ɗaya ba. Dole a faɗi gaskiya, Rashawa sun fi Amurkawa mutuwa a daren, wajen kashe wuta da kwashe bama-baman da ba su tashi ba. Duk da haka yarda ta fara tsagewa. Da mutanen Warsaw, babban birnin Poland, suka yi wa Jamusawa bore a watan Agusta, Stalin ya hana jiragen da ke kai musu agaji sauka a filayensa har 18 ga Satumba, kuma yawancin kayan da aka jefa ranar hannun Jamusawa suka faɗa.

A gabas mai nisa abin ya fi ciwo. A 1944 manyan jiragen bom na Amurka, B-29, guda 3 da suka samu matsala bayan kai wa Japan hari suka sauka kusa da Vladivostok. Sunayensu suna rubuce a goshi: Ramp Tramp, Ding Hao, da General H. H. Arnold Special. Lokacin Sobiyet ba ta yaƙi da Japan, sai ta tsare mutanen, daga baya ta bari suka fice ta Iran, jiragen kuma ta riƙe. Aka kwance ɗaya gunduwa-gunduwa, injiniyoyin Tupolev, mai ƙera jiragen Sobiyet, suka auna kowane ƙarfe, suka sha fama wajen mayar da awon inci zuwa milimita. A watan Agusta 1947 kwafinsa, Tu-4, ya bi ta kan filin Tushino a Mosko a gaban wakilan ƙasashen Yamma, da jan tauraro a jelarsa.