Ɓuntun shinkafa da ruwan kabaid: bulon da muke zubarwa a bola

Wannan lacca ce da wani malamin injiniya ya yi wa magina da masu buga bulo a Samaru, na kwafo ta daga rikodin ɗin wayata yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum iyayena magina, ƴan'uwa birkiloli, sannunku da zuwa. Toh ni abin da ya kawo ni ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun riga mu. Wanda ya tashi cikin birni ya san katsi, wannan laka da ake kwasowa daga gindin rijiyar marina, a haɗa ta da gashin jima da dafara a yi laso, a shafe soro ruwa ya yi ta duka bai shiga ba. Ga makuba daga ɓawon ɗorawa. Duk shara ce fa, sharar marini da ta majemi. Da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau tun ƙarni na 19, babu siminti ko cokali ɗaya.

Yau kuma buhun siminti kun fi ni sanin kuɗinsa, shi ya sa wasu ke buga bulo fiye da kima da buhu ɗaya, ka taɓa shi da yatsa yana zuba kamar gari, wallahi abin na ci min rai domin mutane ne za su kwana a ciki da ƴaƴansu. Sannan yin simintin kansa, kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga nan take.

To ga ɓuntu. Duk buhu 5 na shinkafar da ba a casa ba, wajen nauyin buhu 1 ɓuntu ne, ku je bayan kowane injin casa ku ga tsibinsa yana ta hayaƙi. In aka ƙona shi daidai, tokar nan sama da kashi 80 ɗinta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, ita kuma silika in ta haɗu da farar ƙasa da ruwa sai ta kama ta zama kamar siminti. Ina farar ƙasar? Wannan farin ruwan kabaid da masu walda ke zubarwa a kwata, ai ita ce. Tukar rake ta Maƙarfi da ɓawon gyaɗa su ma tokarsu na yi.

Amma dan Allah a kula da wuta, nan ake ɓata aikin. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700, in ya wuce silikar ta daskare ba za ta kama ba, in bai kai ba toka ta fito baƙa da gawayi, tana shan ruwa tana raunana bulo. Fara-fara ake so, a niƙa ta a tankaɗe sosai.

Kuma kar wani ya koma gida ya ce malam ya ce a daina sayen siminti, a'a. Kashi 10 zuwa 20 za ka cire ka sa toka, ka haɗa da jan ƙasa ka matse a inji, ka rufe shi a inuwa kana yayyafa ruwa, domin shi a hankali yake yin ƙarfi, sai ya kwana 28 kafin a kai gwaji. Alhaji na ga hannunka a sama, bismillah.