Ƙwayar Ekstasi da Mai Cutar Baifola: Abin da Ke Biyo Bayan Daren

Assalamu alaikum masu kallo. Yau maganarmu a kan ƙwayar MDMA ce, wadda 'yan gidan rawa suka fi sani da Ekstasi ko Moli, da abin da take yi wa mutumin da ke fama da cutar baifola. Idan kai ne mai cutar, ko ɗanka, ko matarka, ko abokinka, don Allah ka tsaya ka ji zuwa ƙarshe.

Kamfanin magunguna na Merck ne ya fara haɗa wannan sinadari a Jamus a 1912, ya yi shekaru da yawa ba wanda ya waiwaye shi. A shekarun 1970 wani masanin sinadarai a Amurka, Alexander Shulgin, ya sake fito da shi, daga nan ya bazu zuwa wuraren rawa, har gwamnatin Amurka ta haramta shi a 1985. Mu ma ya iso mu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 340,000 sun sha Ekstasi a cikin shekara guda.

Ita kuwa baifola larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke jefa mutum tsakanin hali biyu. Wani lokaci ya yi sama, zumuɗi da kuzari su wuce kima, barci ya ƙaurace masa, likitoci su ce maniya ta kama shi. Wani lokaci ya faɗa cikin matsananciyar damuwa, har tashi daga gado ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kimanin miliyan 40 ne ke da ita. Yawanci takan fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da ɗoriya, wato daidai shekarun da abokai ke miƙo wa mutum ƙwaya a wurin biki.

To me ƙwayar ke yi a kai? Ƙwaƙwalwa tana da sinadaran da take aika saƙo da su, cikinsu akwai sirotonin, da dofamin, da noradirenalin. A ka'ida kaɗan-kaɗan take sakinsu. MDMA na shiga, sai ta tilasta mata ta zubo sirotonin mai yawa a lokaci ɗaya, kamar a tuntsurar da randar da gida zai sha kwana uku. Bayan minti talatin zuwa arba'in da biyar mutum zai ji farin ciki ya lulluɓe shi, kowa ya zama ɗan'uwansa, gajiya ta ɓace. Zuciya na bugawa da sauri, jiki ya yi zafi, muƙamuƙi ya riƙa cijewa. Awa uku zuwa shida abin ya lafa.

Ga wanda ba shi da baifola, galibi a nan zancen yake tsayawa, sai kasala da ƙuncin kwana biyu. Ga mai baifola, ƙwayar na iya fita daga jini amma ta bar cutar a tashe. Duk abin da ke zaburar da dofamin da noradirenalin yana iya kunna maniya. Ko maganin damuwa na asibiti, wanda ake aunawa da miligiram, likitoci ba sa yarda su ba mai baifola shi kaɗai ba tare da maganin daidaita yanayin zuciya ba, don gudun kada ya juye zuwa maniya. Ina ga ƙwayar da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki?

Sannan ga barci. Duk likitan ƙwaƙwalwa zai gaya maka rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da maniya, wani ma dare ɗaya ya ishe shi. Ekstasi kuwa da dare ake shan ta, kuma ba ta barin ido ya rufu sai gari ya waye.

Bari mu ga yadda abin ke kasancewa a cikin gida. Saurayi ya dawo daga biki ranar Asabar. Lahadi bai yi barci ba, ya ce shi garau yake. Litinin ƙarfe uku na dare uwarsa ta ji motsi, ta leƙo, ta same shi ya fito da kayan ɗakinsa tsakar gida yana sharewa, yana waya da ƙarfi yana cewa gobe zai buɗe kamfani. Ta ce, "Ɗan nan, ka kwanta mana." Ya ce, "Umma, ni barci ya ƙare mini, ku dai ku zuba ido." Magana na fita ba birki, kafin ya gama wannan ya kama waccan. Zuwa Laraba ya rabar da jarin shagonsa, ya sayar da babur, wanda ya ce masa kul sai faɗa. A wannan lokacin babu sauran ƙwaya a jikinsa. Cutar ce ke tafiya da ƙafarta, kuma tana iya ɗaukar makonni, wani har ya fara jin muryoyi ko ya yarda ana bin sa za a kashe shi, sai an kwantar da shi a asibiti.

Wani kuma ƙasa take kai shi. Bayan sirotonin ya ƙare, kwana biyu zuwa uku mutum na cikin ƙunci, abin da masu shan ta a Turai suka daɗe da sani. A wurin mai baifola wannan ƙuncin na iya zarcewa ya zama cikakken ciwon damuwa. Akwai ma halin da ya fi ba ni tsoro, inda biyun ke haɗuwa: zuciya baƙa ƙirin, amma jiki cike da ƙarfi, ba barci, ba natsuwa. A irin wannan hali ne tunanin kashe kai ya fi haɗari, alhali dama haɗarin hakan ga masu baifola ya ninka na sauran jama'a sau da yawa.

Yanzu mu zo kan magunguna, don a nan ne rai kan salwanta cikin dare ɗaya. Da yawa daga masu baifola suna shan litiyam. Magani ne mai kyau ƙwarai, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake yawan gwada jinin mai shan sa. Ƙoda ce ke fitar da shi. Idan mutum ya yi ta rawa yana gumi, ruwa da gishirin jikinsa suka ragu, sai ƙodar ta riƙe litiyam, ya taru a jini. Hannu ya kama karkarwa, ga amai da gudawa, tafiya tana tangaɗi, magana ta sarƙe, daga nan sai ruɗewa ko farfaɗiya. Kada kuma wani ya ce ai sai a yi ta ɗirkar ruwa. MDMA na sa jiki ya riƙe ruwa, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A 1995 wata budurwa 'yar shekara 18 ta rasu a Ingila ta wannan hanyar, bayan ƙwaya ɗaya da ruwa mai yawa. Kabamazafin, wanda shi ma ana ba masu baifola, dama yana rage gishirin jini. Magungunan da ake bayarwa don kwantar da maniya, irin su olanzafin, suna rage wa jiki ikon daidaita zafinsa, ga shi zafin jiki na cikin abubuwan da Ekstasi ta fi kisa da su.

Akwai kuma gubar sirotonin, idan ya yi wa jiki yawa: zazzaɓi mai tsanani, jijiyoyi su sandare, tsoka ta riƙa fizga. A ƙasar Finlan an rubuta mutuwar mutum huɗu da suka haɗa Ekstasi da maganin damuwa mai suna mokilobemid. Mu a nan abin da ya fi kusa da mu shi ne tiramadol. Shi ma yana ɗaga sirotonin, kuma shi kaɗansa yana jawo farfaɗiya. Haɗa shi da Ekstasi ganganci ne da rai.

Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Magungunan damuwa irin su fuluwoksetin suna dakushe daɗin ƙwayar. Sai mutum ya ga ba ta kama shi ba, ya ƙara ta biyu da ta uku, zuciya da hanta na ɗaukar nauyin. Ko kuma ya ajiye maganinsa na asibiti kwana biyu kafin biki don ta kama shi da kyau. Wannan ya fi komai muni. Yanke litiyam farat ɗaya, ko ba ƙwaya, yana dawo da maniya, yana kuma ƙara haɗarin kashe kai.

Ba na ganin mai baifolar da ya nemi wannan ƙwaya a matsayin lalatacce. Wanda ya taɓa ɗanɗanar farkon maniya, lokacin da kai ke wasai, baki ke zuba, duniya ta yi masa daɗi, sannan magani ya dawo da shi daidai, wani lokaci yakan ji kamar an rage masa wani abu. Ekstasi na yi masa alkawarin dawo da wancan hasken. Wannan kewar gaskiya ce, kuma magana ce da ya kamata ya kai wa likitansa, don sau da yawa ana iya gyara adadin magani ko a sauya wani.

Wataƙila kun ji labarin cewa yanzu MDMA ta zama magani. Ga yadda abin yake. An gwada ta a kan masu ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, kuma Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da ita don wannan ciwon tun watan Yulin 2023. Hukumar magunguna ta Amurka kuwa ta ƙi amincewa a watan Agustan 2024. A manyan gwaje-gwajen nan, masu binciken da kansu sun ƙi ɗaukar masu baifola nau'i na ɗaya, wato mai zuwa da cikakkiyar maniya, duk da cewa sinadarin tsantsa ne, an auna shi, ga ma'aikatan lafiya a zaune a ɗakin. Ta kasuwa kuwa an sha samun metamfetamin a cikinta, wata muguwar ƙwaya mai zaburar da ƙwaƙwalwa, ko wani sinadari mai suna PMMA da ya kashe mutane a Turai.

Idan an riga an sha, ga abin lura. Jiki ya yi zafi sosai, ko mutum ya ruɗe, ko ya sandare, ko ya faɗi yana jijjiga, a nufi sashen gaggawa nan take, a tafi da kwalayen magungunansa, a faɗi abin da ya sha da lokacin da ya sha. Kunya ba ta da wuri a nan, zai yi wa likita wuya ya gano litiyam ya taru in ba a ce masa ana shan sa ba. Idan kuma ya kwana biyu ba barci kuma ba ya jin gajiya, ko ya fara zancen mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira ya huce. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke karɓar irin wannan.