Ƙofofin da Mai Sabuwar Sana'a Zai Ƙwanƙwasa a Tahoua Kafin Ya Hau Motar Yamai

RABI: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Daga Tahoua muke magana, babban birnin Adar. Ni ce Rabi, tare da Baba Illa, wanda ya daɗe yana riƙe wa ƴan kasuwa lissafi, da ƙanena Sabi'u mai karatun shari'a a jami'a. Baba, ina wuni?

BABA ILLA: Lafiya lau, ɗiyata. Ya aiki, ya zafi?

RABI: Alhamdu lillahi. Saƙonnin da suka shigo mana ta WhatsApp kusan duk tambaya ɗaya ce: na gama karatu, ina son in kafa abin kaina, ina ake ba da kuɗi?

BABA ILLA: Tambayar nan tana damuna ƙwarai. Yaro zai zo mini da dosiye mai kauri, an ɗaure shi da kyau, yana neman sefa miliyan 10. Sai in ce masa, wa ka taɓa sayar wa abin nan? Shiru. Nawa kake kashewa kafin ka fitar da guda ɗaya? Shiru. Babu bankin da zai saurare shi, ko a Yamai ko a nan.

SABI'U: Baba, a yi mini haƙuri, amma ba tare da jari ba da me zai fara? Mu ɗalibai abin da muke gani shi ne mai uba a gindin murhu shi ke samu.

BABA ILLA: Ban ce kuɗi ba su da amfani ba, ɗana. Cewa na yi akwai ƙofofin da ake bi kafin a kai gare su, kuma ta farko kana shigarta kullum da safe.

RABI: Jami'a kenan.

BABA ILLA: Ita. Jami'ar Tahoua an kafa ta a 2010, lokaci ɗaya da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma yanzu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, malamin tarihin da ya yi rubutu a kan Adar. Kafin ita ma akwai IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta jami'a. A cikin jami'ar akwai masu koyar da shari'a, da tattalin arziki, da tafiyar da kamfani, da ilimin noma. Ɗan kasuwar da ke son irin wannan shawara a waje sai ya biya. Ɗalibi kuwa ƙofar ofishin malami kawai zai ƙwanƙwasa.

RABI: Ni shaida ce. Da na fara shanya albasa ina niƙawa, garin yakan dunƙule a cikin leda bayan ɗan lokaci. Wani malamin noma na kai wa, ya murza a hannu, ya ce akwai sauran laima, kuma ledata tana shan iska. Ya nuna mini yadda zan auna nauyin albasar kafin shanya da bayanta, in san lokacin da ta bushe da gaske. Ko dala bai karɓa ba. Shi ya sa nake gaya wa ƙannena, littafin kammala karatun nan da kuke rubutawa a ajiye a kabad ƙura ta rufe shi, ku yi shi a kan sana'ar da kuke son yi. Ka samu digiri, ka samu binciken kasuwa, kuma malami ya duba maka shi.

SABI'U: Yaya, a Yamai abin ya wuce haka. Jami'ar Abdou Moumouni tana da gidan renon ƙananan kamfanoni nata, CIUAM. Ga kuma CIPMEN da aka buɗe a 2014.

RABI: Yi wa masu saurare bayani, me ake yi a gidan reno?

SABI'U: Suna zaɓen masu dabara, su ba su wurin zama da wuta da intanet, su haɗa su da wanda zai bi su sau da ƙafa: yadda ake tsayar da farashi, yadda ake rubuta tsarin kasuwanci, yadda ake tsayawa gaban masu kuɗi a yi bayani. CIPMEN ta fi ba da ƙarfi ga fasahar zamani, da makamashi irin na hasken rana, da muhalli, da sarrafa amfanin gona.

BABA ILLA: A lura da kyau, gidan reno ba banki ba ne. Wasu sukan je da tunanin za a ƙirga musu kuɗi, su dawo suna fushi. Abin da ake samu a can shi ne horo da sanin mutane. Kuma tunda ka ambaci Abdou Moumouni, ina son yaranmu su san ko wane ne. An haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, masanin kimiyya ne da ya jagoranci ONERSOL, ma'aikatar makamashin hasken rana. A can aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana. Mutum ne da ya fitar da ilimi daga aji ya kai shi maƙera. Duk jami'ar da ke ƙasar nan ya kamata ta bi sawunsa.

SABI'U: To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsakaninmu da Yamai fiye da kilomita 500 ne. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Sannan kusan komai da Faransanci ake yi. Gwaggona tana yin cuku wanda har daga wasu garuruwa ake aiko a saya, amma takarda ɗaya ba za ta iya cikawa ba. Ita wa zai rena sana'arta?

BABA ILLA: Wannan gaskiya ce, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. An tara abubuwa da yawa a babban birni, an kuma rubuta su da harshen da yawancin masu sana'a ba sa karantawa. Abin yana yi mini ciwo. Amma kai da ka iya Faransanci, ka taɓa zama da gwaggon taka ka rubuta mata abin da take kashewa a madara da abin da take samu?

SABI'U: Ban taɓa ba.

BABA ILLA: Ka fara a hutun nan. Ita tana da kasuwa, kai kana da alƙalami. Da jami'armu za ta tura kowane ɗalibin lissafi wurin mai sana'a guda ya yi koyon aikinsa a can, maimakon duka su yi cincirindo a ofisoshi suna zaman jira, da an ga canji a garin nan.

RABI: Mu je ga takardu, Baba, don nan mutane ke jin tsoro.

BABA ILLA: Ƙofa ta biyu ita ce majalisar ƴan kasuwa, CCIN, wadda ke da ofis a kowace jiha, har da nan. A ƙarƙashinta Maison de l'Entreprise take. Da can sai ka yi ta yawo, kotu daban, ofishin haraji daban, CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata, daban. Yanzu an haɗa hidimar wuri guda: rajistar kasuwanci, wato RCCM, da lambar haraji, wato NIF.

SABI'U: Kuma dokar da muke bi ta OHADA ce, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ƙasashen Afirka 17 ke aiki da ita. A da, kafin ka buɗe SARL, wato kamfanin da asararka ba ta wuce jarin da ka zuba, sai ka ajiye jarin miliyan 1. A 2014 aka gyara dokar, aka bar kowace ƙasa ta sassauta, Nijar kuma ta sassauta. Tun 2010 ma dokar ta tanadi matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda bayyana kansa kawai zai yi.

RABI: Amma mutane suna cewa da zarar ka yi NIF, masu haraji sun san gidanka.

BABA ILLA: Sun sani mana, ba zan ɓoye ba. Daga ranar akwai abin da ke kanka, kuma wanda ya yi sakaci tara za ta same shi. Shi ya sa nake hana yara gaggawar buɗe kamfani don kawai a kira su darakta. Ka fara samun masu saye. Ranar da wata ƙungiya ko wani babban kanti ya ce kawo kaya amma da takardar shaidar ciniki mai NIF, ranar takarda ta zama riba. In babu ita, cinikin ya wuce ka, kwangilar gwamnati kuwa ko kusa.

RABI: Ni haka ta faru da ni. Wani kanti a Yamai ne ya nemi garin albasata, shi ya tura ni yin rajista.

SABI'U: Baba, har yanzu ba mu zo ga kuɗin ba.

BABA ILLA: Ga mu nan. Tunda arzikin jiharmu noma ne da kiwo, a fara da majalisar manoma ta jiha, CRA, wadda ke cikin RECA, haɗaɗɗiyar majalisun manoma ta ƙasa. Suna da takardun da ke nuna abin da noman albasa ko kiwon turke ke ci da abin da yake bayarwa, suna kuma taimaka wa manomi ya haɗa dosiye. Sannan ga FISAN, asusun gwamnati na zuba jari a noma da wadatar abinci da aka kafa a 2017. Tsarin da aka san shi da shi kashi uku ne: kai ka kawo 10 cikin 100, a ba ka tallafin 40, sauran 50 bashi ne daga banki ko ƙaramin asusun bashi. In aikinka na miliyan 1 ne, jika 100, wato sefa dubu 100, daga aljihunka, jika 400 tallafi, jika 500 kuma za ka biya.

SABI'U: Ashe tallafin a ɗaure yake da bashin.

BABA ILLA: A ɗaure. In mai ba da bashi bai yarda da kai ba, tallafin ba ya fitowa. Shi kuma me zai duba? Littafinka. Abin da ya shiga, abin da ya fita, wata bayan wata. Ko littafin ƴan makaranta ne, in dai gaskiya ce a ciki, ya fi mini dosiyen da aka biya wani ya ƙaga. Kuma a yi lissafin ruwa tun kafin a sa hannu. A ƙasashen UEMOA, wato na Yammacin Afirka masu amfani da sefa, doka ta bar ƙananan asusun bashi su kai har 24 cikin 100 a shekara. In ribarka ba ta wuce haka ba, wani kake yi wa aiki.

RABI: Akwai kuma waɗanda ba sa son bashi mai ruwa saboda addini.

BABA ILLA: Suna da hanya. Akwai Banque Islamique du Niger, akwai tsarin murabaha, inda banki ke sayen injin ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya kaɗan-kaɗan. A tambaya, a karanta sharuɗɗa da kyau. Ga BAGRI ta manoma, ga FONAP ta ƙanana da matsakaitan kamfanoni, ga FAFPA mai ɗaukar nauyin koyon sana'a. Wanda kamfaninsa ya riga ya tsaya da ƙafafunsa yana iya duba Sinergi, su hannun jari suke saye, su zauna da kai a cikin kamfanin.

RABI: Bari in tsaya a kan albasa, don ina jin haushin yadda muke wasa da ita. Galmi a jiharmu take, kuma sunan albasarta ya kai Abidjan da Accra. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, ta yi mata rajistar asali tare da kilishin Nijar. Amma kowace shekara labarin ɗaya ne: a watan Maris da Afrilu kowa ya kwashe a lokaci guda, farashi ya faɗi, manomi ya sayar don biyan bashi. Wanda ya zuba a rudu, wato rumbun ciyawa, kuma wani kaso ya ruɓe kafin farashi ya tashi bayan damina. Wurin ajiya mai iska, na'urar shanya, buhu mai kyau, sanin farashin kasuwanni ta waya, kowane ɗaya sana'a ce da ke jiran mai ilimi. Ku dubi Abdou Maman Kané, da ya ƙirƙiro ban ruwa ta wayar salula har ya ci babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015. Wahalar mai lambu ya duba.

SABI'U: Abokaina kuwa gasa suke bi. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe rajista ranar 1 ga Janairu, wanda aka zaɓa ya samu horo da dalar Amurka 5,000. Akwai kuma gasar e-Takara ta ANSI, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ga masu fasahar zamani.

BABA ILLA: A nema, babu laifi, cika takardun ma yana koya wa mutum tunani. Amma dubbai ke nema, kaɗan ake ɗauka, don haka kar a rufe shago ana jiran sakamako. Kuma don Allah a kula: rajistar Tony Elumelu kyauta ce. Duk wanda ya turo maka saƙo ya ce aiko jika 5 ta Nita ko Amana a saka sunanka, ɓarawo ne.

RABI: Ni jarina na farko daga asusun mata ya fito. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991, yau ya bazu ƙasashe da yawa, mu kuma da muka haife shi wani lokaci muna raina shi.

BABA ILLA: Ga kuma ƴan bida. Gida nawa ne a Adar ba shi da ɗa a Abidjan ko Libiya? Kuɗin da suke aikowa yawanci a ci ne da gini da biki. In ka nuna wa yayanka littafi mai tsabta, zai fi saurin yarda da kai a kan kowane banki. Sai dai a rubuta: bashi ne ko haɗin gwiwa, nawa ne rabonsa, yaushe za a biya, da shaidu. Na ga zumunci da yawa ya lalace saboda ba a rubuta ba.

SABI'U: Wannan zan iya taimakawa. A shiri na gaba zan karanto yadda ake tsara irin wannan yarjejeniya da Hausa, layi-layi, kowa ya kwafa.

RABI: Madalla. Baba kuma zai nuna yadda ake ja wa littafin ciniki layi, inda ake sa kuɗin kaya, da na mota, da bashin da ke hannun mutane. Duk mai saurare ya tanadi littafi da biro kafin ranar. Baba, mun gode. Sabi'u, a gaida Gwaggo.

BABA ILLA: Allah ya yi muku albarka. Sai an jima.